Yadda Muka Ɓoye Baban Zaure

Ni na ɓoye shi. Gara in faɗa tun yanzu, don an daɗe a danginmu ana ɗora wa Inna laifin, ita kuma, Allah Ya ji ƙanta, ba ta taɓa buɗe baki ta musa ba. Ni ce, da karatuna na lakwal, wato boko, da Faransancin da nake hura hanci da shi, da shagona na buga wa mutane takardu a bakin titi. Ni na kama hannun tsohon nan na kai shi ɗakin gawayi na ja ƙyaure.

Baban zaure muke ce masa, mu da duk mutanen layinmu a Zango. Direban babbar mota ne a da, mutumin Nijar, ya kawo albasa ya koma da goro. Tun ana goya ni yake sauka a gidanmu, don mahaifinmu mai masauki ne: duk baƙon da ya diro Wagadugu bai san kowa ba, zaurenmu ake nuna masa. Wani ya kwana biyu, wani ya yi wata. Shi kuwa da yana ta fara rufe masa ido, mai mota ya karɓe makullinsa, sai ya shimfiɗa tabarma a kusurwar dama, ya rataye jakarsa a ƙusa, shi ke nan. Mahaifinmu bai tambaye shi ranar tafiya ba, don a gidanmu ba a yi wa baƙo wannan tambaya. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado har tukwane, amma ba wanda ya ce uffan kan kusurwar nan. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba shi haihuwa ba, waɗanda suka san shi a ƙauyensu kuma ya ce duk sun riga mu gidan gaskiya. Inna ke zuba masa tuwo, ni ke sa masa zare a allura in zai yi wa rigarsa faci.

Akwai wani abu da duk ɗan Zango ya tashi da shi ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba. In ka hango mutum ya shigo layi da takarda da alƙalami, baƙi ake fara kawarwa. A zamanin iyayenmu, in hukuma ta rubuta sunan mutum, to ko haraji ne, ko a tambaye shi takardar zama ya rasa, a loda shi a mota sai bakin iyaka. Mai masaukin da ya bari aka rubuta baƙonsa ya ci amana, har ya mutu ana yi masa gori. Saboda haka mata kan leƙa ta kan katanga su gaya wa na gaba, na gaba su gaya wa na gaba. Kafin mai takarda ya gama gaisawa da gidan farko, duk zaurukan layin sun yi wayam, sai tabarmi a naɗe.

A farkon shekarun dubu biyu ne. An shekara da shekaru ana cewa za a rushe unguwarmu a gina manyan benaye, har maganar ta tsufa, ba mai kula ta. Wata safiya na fito da mobilet ɗina, ɗan ƙaramin babur, zan tafi shago, sai ga maza uku a bakin layi, ɗaya da bokitin jan fenti, ɗaya da ƙaton littafi. Wallahi ban tsaya na yi tunani ba. Ƙafafuna ne suka juya da kansu. Na jingine mobilet, na tayar da Baban zaure yana cikin shan koko, na kai shi inda na faɗa.

Da suka iso ni na yi wa Inna tafinta. Mai littafin ya tambayi masu kwana a gidan, na lissafa masa: Inna, ni, yayana da iyalinsa, da wani tela da matarsa da ke haya a ɗakin baya. Ya dubi tabarmar da ke jingine a zaure ya ce, nan fa? Na ce salla ake yi a wurin. Ko ƙifta ido ban yi ba. Suka shafa lamba a bangonmu suka wuce. Baba ya fito da baƙin gawayi a rigarsa, ya yi ta sa mini albarka, Inna ta ce ashe lakwal bai lalata ni ba. Na hau mobilet ɗina ina jin kaina wata jaruma.

Bayan wata biyu aka manna takardu a bangon meri, wato ofishin magajin gari, sai a lokacin na gane abin da aka ƙirga mu dominsa. Rusau ɗin gaske ne. Masu gida za a ba su fili a bayan gari. 'Yan haya za a taimaka musu su tashi. Tsofaffin da ba su da kowa kuma, an ce ana gina musu ɗakuna. Amma duk wannan sai wanda ke cikin littafin. Na tsaya cikin rana na bi sunayen layinmu da yatsa har sau uku, ina neman sunan da na san ni da bakina ban bayar ba.

Filin da aka ba mu fako ne, ba ruwa ba inuwa, gina shi sai an shekara nawa. Yayana ya samo ɗaki biyu a wani gidan haya a Tampouy, ya ce Inna da ni za mu matsa a ɗaya. Na ce Baba fa? Ya ce, "In sa shi ina? A kaina? Mai gidan sai da ya ƙirga mu kafin ya ba da makulli, kuma gidan ba zaure." Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ba ni haushi. Na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarsa.

Baba ya ji komai, don mai zama a zaure ba abin da ke wuce shi. Ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, kada ki yi faɗa da ɗan'uwanki a kaina. Akwai rumfuna a Sankaryaaré, masu gadin sun san ni." Na san masu kwana a kasuwar nan. Na sha ganin su da sassafe suna naɗe kwalaye tsakanin tebura kafin masu shara su watso ruwa. Tsoho mai shekara saba'in da ɗori, wanda ba ya bambance mutum da turke in an wuce taku biyar, shi zai je ya shimfiɗa kwali a can. Kuma ni na jawo masa. Bai sani ba, shi a ganinsa alheri na yi masa, har yana ba da labarin yadda na yi wa masu littafi wayo.

Ana cikin haka, da koke-koke suka yi yawa, aka faɗa a rediyo cewa gwamnati ba za ta bar kowa a waje ba, za a gyara dokar, wanda aka tsallake za a shigar da shi. Layinmu aka yi ta murna. Mutum ɗaya ne bai yi ba, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da muke ce wa Shef. Ya tara mutane gindin dogon yaro na bakin masallaci ya ce a kafa kwamiti na bin sawun maganar. Ni aka ba rubutu, don ni ke da injin bugawa. Ya ce mini, "Abin da aka faɗa a rediyo ba shi za ki kawo mana ba, shi kowa ya ji. Ki tambaya, an sa hannu? In an sa, takardar ta sauko? In ta sauko, tana teburin wa?" Tun daga nan kowace Alhamis na rufe shago in tafi meri, in dawo bayan la'asar in tsaya daga gefe in gaya wa dattawa abin da na gani. Da farko suna kallon ƙasa in ina magana. Daga baya har kujera suke ajiye mini.

Alhamis ta farko, akawun da ke bakin taga ya ce, "Madam, mu ma a rediyo muka ji, kamar ke." Haka ta biyu, haka ta uku. Sai wata rana ya ce an sa hannu, amma ba ta sauko ba. Da ta sauko, ya ce ba a bugo takardun cikewa ba. Na ce ya ba ni samfuri in bugo musu a shagona kyauta, ya yi dariya har da dukan tebur. Ni ban ga abin dariya ba. Amma in zan faɗi gaskiya, abin yana motsi. Nakan fito daga gida da baƙaƙen maganganu cike da bakina, na jera su tun a kan mobilet, in isa in tarar an matsa taku ɗaya, in rasa wanda zan juye wa. In dawo gida da su in sauke a kan matar tela don ta bar bokiti a hanya.

Su kuwa masu rusau ba sa jiran Alhamis. Sun fara daga can ƙarshen unguwa, kullum ƙarar katafila na ƙara matsowa. Baba da kunne yake bin ta. Yana zaune yana jan casbi sai ya ce, "Yau sun kai gidan masu wanki." In na je na duba, haka ne.

Ranar da aka buɗe tagar ƙorafi, an rubuta a kwali an rataye, ni ce ta huɗu a layi. Na karɓi takarda na cike ta tsaf, na miƙa. Akawun ya ce saura shaida, wata takarda ta hukuma da ke nuna tsohon ya daɗe a unguwar. Na ce wace iri? Ya ce kowace iri, ta ƙidaya, ta haraji, ta asibiti, duk wadda ke da sunansa da sunan unguwa. Na dawo na roƙi Baba ya sauke jakarsa, muka zazzage ta a kan tabarma. Lasisin tuƙi na Nijar da ya mutu tun ina 'yar firamare, hotonsa a jikin mota yana saurayi da gashin baki, man zafi, allura, wata tsohuwar hula. Shi ke nan. Shekara talatin muna ɓoye shi, kuma mun iya. Ko maganin ido sai dai a sayo masa a kawo. Babu takarda ko ɗaya a duk ƙasar nan da ta san yana raye.

Na koma na yi wa akawun nan tas, abin da har yau nake jin kunyarsa, don ba shi ya rubuta dokar ba. Da la'asar na je gindin dogon yaro na ba da rahoto, sai na ji ba zan iya ci gaba da riƙe abin ba. Na ce, "Ku gafarce ni, ba tsallake Baban zaure aka yi ba. Ni na ɓoye shi." Na ɗauka faɗa za a yi mini. Sai wani mai sayar da yadi ya yi gyaran murya ya ce shi ma nasa baƙon a bayan randa ya sa shi. Wani ya ce tasu tsohuwar a banɗaki ta zauna har suka wuce. Ashe kusan kowane tsohon gida da nasa. Shef ya cire tabarau ya goge ya ce, to, tunda mu muka ɓata, mu rubuta mu faɗi haka, ba tare da kwana-kwana ba.

Na buga wasiƙar da sunan kwamiti. Muka ce waɗanda suka fi bukatar ɗakunan nan su ne ba su da takarda, kuma muka faɗi dalili, duk da wasu dattawan sun so a sakaya. Masu sa hannu suka sa, masu dangwala yatsa suka dangwala. Na kai, na karɓi shaidar an karɓa, don Shef ya ce kada in taɓa barin taga hannu biyu. Aka yi Alhamis biyar shiru. A ta shida akawun, wanda yanzu har lafiyar Inna yake tambaya, ya ce an sauya tsarin. Wanda ba shi da takarda, za a turo ma'aikaci ya gan shi da ido a inda yake kwana, ya tambayi maƙwabta. Ranar zuwa ce ba a faɗa, don kada a shirya musu ƙarya.

Na bi layinmu gida gida. Na gaya wa kowa, na maimaita: in an ga mai takarda, wannan karon fito da shi za a yi. Kowa ya ce to. Inna ta ce, "Ke, mu yara ne? Mun ji."

Wata Talata da hantsi na dawo gida ɗaukar abin da na manta, sai na ci karo da wata mata a bakin layi tana tura mobilet, da fayil a hammata, fuska a ɗaure. Ta tsayar da ni ta tambaye ni da Faransanci ko na san wani tsoho, ta faɗi sunan Baba. Ta ce ta buga ƙofa biyar, kowa ya ce bai taɓa jin sunan ba. Gidan da aka rubuta ma, wata dattijuwa ta ce mata ba mai kwana a zauren. Za ta koma ta rubuta ba a same shi ba.

Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Na riƙe kan mobilet ɗinta da hannu biyu. Ta ce in sake, tana da wurare da yawa, kuma ba yau ta fara ganin masu ƙirƙiro tsoho don su ci ɗaki ba. Na ce, "Madam, ki ba ni gwargwadon tafasar shayi. In ban kawo shi ba, ki rubuta abin da kika ga dama." Ta dubi agogo, ta jingine mobilet a bangonmu.

Na faɗa cikin gida. Inna na tsaye bakin madafa tana murza hannu. Na ce, "Inna, me muka yi da ku?"

Ta ce, "Ke, na ga takarda a hannunta. In kuma mayar da shi za su yi fa? Me zan ce wa babanki gobe ƙiyama?"

"Yana ina?"

Ta ƙi faɗa. Uwata, ta dube ni ido cikin ido ta ƙi faɗa. Matar tela ce ta nuna mini katangar maƙwabta da haɓa. Na zagaya na same shi a madafarsu, zaune kan kujera 'yar tsuguno a bayan turmi, mata biyu sun tsaya gabansa suna daka abin da ya riga ya daku. Abin da na gaya wa matan nan ba zan rubuta shi ba, dukansu sun haife ni. Na ce, "Baba, ku tashi mu je."

Bai motsa ba. Ya ce, "Ɗiyata, wancan karon ke kika ɓoye ni. Yau ke za ki miƙa ni?"

Na durƙusa a gabansa cikin dusa. Na ce, "Baba, wancan karon cutar ku na yi. Da na bar ku kun gama shan kokonku, da yanzu sunanku na bango. Ni na hana ku ɗaki. In matar nan ta tafi, sai kasuwa." Wannan ne karo na farko da na gaya masa, kuma ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba.

Ya ce, "In ta rubuta ni, ba za su kai ni iyaka ba?"

Na ce, "Na karanta takardar da idona, sau ba adadi. Ba a tambayi inda aka haifi mutum ba. Inda yake kwana aka tambaya."

Ya miƙo hannu, na tashe shi.

Matar nan, Allah Ya saka mata, ta san aikinta. Tunda maƙwabta sun riga sun yi mata ƙarya, ba ta sake tambayar kowa ba. Ta shiga zaure ta dubi kusurwar. Ta ga inda ƙeyarsa ta yi wa bango baƙi, ta taɓa ƙusar da igiyar jaka ta cinye, ta ga daɓen ya lotsa daidai tsawon mutum. Sannan ta tsuguna ta gaishe shi da Mosanci, harshen mutanen ƙasar, ta kira shi Yaaba, wato kaka. Ya amsa mata da irin Mosancin tsofaffin 'yan tasha, har ta yi murmushi. Ta ce ya lissafa mata gidajen layin. Ya fara daga bakin titi, ƙofa ƙofa, wa ya gina, wa aka haifa, wa ya rasu a wace damina. Ta tambaye shi me ke wurin kantin magani kafin a gina shi. Ya ce rijiya, kuma jakin wani mai itace ya taɓa faɗawa ciki.

Da mutanen layi suka ga ba wata motar 'yan sanda da ta biyo baya, sai suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuma kowa so yake ya yi shaida. Wannan ya ce shekararsa arba'in a nan, wancan ya ce hamsin, wata da ta rantse ɗazu ba ta san shi ba ta ce ai a zauren aka yanke masa cibi. Na ce don Allah ku yi shiru kada ku sake ɓata mana. Matar ta yi dariya har ta share ido. Ta ce kakarta ma a ƙauye, in ta ga mai littafi, cikin rumbu take tura 'ya'yanta. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta kama babban yatsansa ta dangwala. Inna ta kawo mata ruwa, ta kasa haɗa ido da ita.

Alhamis ta uku bayan nan na ga sunansa a bango. Na karanta, na sake karantawa, sai na zauna a ƙasa nan gindin bangon da zanena mai kyau. Wata mai sayar da gyaɗa ta zo tana tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce a'a, daɗi ne. Na kai labari gindin dogon yaro ina tsammanin za a yi kabbara, Shef ya ce, "Madalla. Amma suna a bango ba makulli ba ne. Alhamis ki koma." Na ji haushinsa, na kuma koma. Ɗakunan an gama, ruwa ne ba a ja ba. An ja ruwa, mai raba makulli ya tafi ta'aziyya ƙauye. Katafila kuwa saura layi biyu ta iso mu.

Makullin ya zo saura kwana takwas wa'adinmu ya cika. Ba kowa ya dace haka ba, kada in yi ƙarya. Akwai waɗanda aka rushe gidajen da suke ciki sunansu bai fito ba, suka raɓa wurin mutane a Larlé da wasu unguwanni, kuma kwamiti ya ci gaba da bin maganarsu fiye da shekara, ni ma ban daina zuwa meri ba. Amma namu ya samu. Muka ɗauko amalanken jaki don kwashe kayansa, sai ga shi kayan ba su rufe ko rabinsa ba. Inna ta shiga ɗaki ta fito da tukunya da bokiti da fitila da bargon mahaifinmu, ta ce ba za a fita da shi daga gidanta kamar wanda aka kora ba.

Ɗakunan suna can gaba da Tampouy kaɗan, jere guda, bulo da kwano, kowanne da ƙofar ƙarfe da 'yar taga, famfo ɗaya a tsakar gida. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma rufin ba ya yoyo, kuma daga inda muka koma tafiyar mobilet ce kaɗan.

Ranar da katafila ta zo layinmu na tsaya na kalla. Inna na gefena tana kuka, gidan da aka kawo ta amarya, gidan da ta haife mu. Zauren ne ya fara faɗuwa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, wani sanyi na ji ya sauka a ƙirjina, don na san ba tabarmar kowa a ciki. Na rufe fuska da mayafi kada Inna ta ga ba kuka nake ba.

Juma'ar farko na kai masa tuwo da miyar kuka. Na tarar da ƙofar a rufe. Na yi sallama, shiru. Na sake yi, shiru. Na ce shi ke nan, tsoho ya faɗi shi kaɗai a ɗaki ba mai gani. Na ɗaga murya na yi ta uku har maƙwabcinsa ya leƙo. Sai na ji ya amsa a natse, na ji ƙarar sakata, ya buɗe yana gyara hula.

Na ce, "Haba Baba, kun tsorata ni. Ba ku ji ba ne?"

Ya ce, "Na ji tun ta farko."

"To me ya hana ku amsawa?"

Ya ce, "Ɗiyata, sallamar da na amsa a zauren babanki ba ta ƙirguwa. Amma ba wadda aka yi don ni. In amsa, in ce mai gida na ciki. Yau na ji ana yi, kuma ni ake nema. Na ce bari in ƙara ji."

Na ajiye kwanon a ƙasa, na fita, na ja masa ƙofar, na sake yin sallama.